8,388,608: Lambar da Ke Bambanta Shaƙiƙai

Duk shekara idan muka iso darasin gadon halitta, ba a rasa ɗalibin da zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, me ya sa shaƙiƙai, uwa ɗaya uba ɗaya, ba sa fitowa da kama ɗaya?" Amsar da nakan rubuta masa a allo ita ce: 8,388,608.

Ga asalinta. A cikin ƙwayoyin jikin ɗan Adam akwai wasu zaruruwa masu ɗauke da gado, waɗanda ake kira kuromosom. Guda 46 ne, a jere biyu-biyu har kashi 23, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Yayin da jiki zai samar da ƙwayar maniyyi ko ƙwan mace, ɗaya tak yake ɗauka daga kowane kashi, tamkar an jefa kwabo sau 23. Idan aka jera 2 guda 23 aka ninka su da juna, wannan lamba ce ke fitowa. Uba yana da ita, uwa ma haka, saboda haka hanyoyin haɗuwarsu sun zarce tiriliyan 70. Wannan ma ba a lissafa musayar gutsattsari da zaruruwan kan yi a tsakaninsu ba.

To, yaya masana lissafi suke kallonta? Lamba ce cika, cikar ma ta gaske, domin za ka yi ta raba ta biyu har sau 23 kafin ka tarar da 1. Lambobin da ke raba ta ba saura guda 24 ne: 1, 2, 4, 8, har zuwa ita kanta. Idan mai karatu ya tara su duka ban da ita, zai sami 8,388,607. Lambar da masu raba ta suka tashi daidai da ita, kamar 6 (wato 1+2+3), ita ake ce wa kammalalliya. Tamu ɗaya tak ya hana ta wannan matsayi, sai aka sa ta a rukunin masu kasawa.

Ni dai wannan maƙwabciya tata, 8,388,607, ta fi ba ni sha'awa, domin ta taɓa yaudarar gwani. Wani masani ɗan Italiya, Kataldi, ya tabbatar da cewa idan aka ninka 2 guda 17, ko guda 19, aka ɗebe ɗaya, abin da ya rage ba ya rabuwa sai da 1 da kansa. A 1603 sai ya ce haka abin yake ga 23, ba tare da ya gwada ba. A 1640 Ferma, mutumin Faransa, ya nuna cewa 47 tana raba ta. Malamai na iya ba 'yan aji aikin ninka 47 da 178,481, su gani da idonsu. Ba zai ci minti biyar ba.