ASIBITIN DA MAJINYATANSA KE KWANA BISA ITACE

A garin Port Macquarie na ƙasar Ostareliya, kimanin kilomita 400 arewa da birnin Sidni, akwai wani asibiti wanda ba ya karɓar kowa sai wata 'yar dabbar daji da ake kira kowala. Wasu mata da miji ne, Jean da Max Starr, suka kafa shi cikin 1973.

Ita dai kowala dabba ce mai taushin gashi, wadda ba a samunta a dajin kowace ƙasa sai Ostareliya. Uwar takan riƙe ɗanta cikin wata jaka da ke cikinta har wajen wata 6. Abincinta kuwa ganyen itacen turare ne, watau irin wanda ake dasawa nan ƙasarmu don tare iska. Da yake ganyen ba shi da maiƙo sosai, takan yi barcin awa 18 zuwa 20 kowace rana.

Galibin majinyatan mota ce ke bankarsu, ko kare ya cije su, ko kuwa su kamu da wata cuta da ke makantar da su, ta kuma hana matansu haihuwa. Da zarar an kawo ɗaya sai a raɗa mata suna, a haɗa sunan wurin da aka tsince ta da na wanda ya tsince ta. Masu aikin sa kai ne ke share ɗakuna, su ba majinyata ɗanyen ganye, wasu har su tafi da marayu gida su rene su. Wadda ta warke sai a mai da ita dajinsu. Wadda ta nakasa kuwa ta zauna ke nan, kuma irinta baƙi masu ziyara kan gani.

Babbar jarrabawar asibitin ta zo ne da gobarar dajin 2019 zuwa 2020. Kowala ba ta da gudu. In ta ga wuta sai ta ƙara hawa sama, can zafi ya same ta. Aka yi ta kawo su da ƙonannun ƙafafu, ana sa musu maganin barci, a wanke ciwon, a shafa magani, a naɗe da bandeji. Asibitin ya roƙi taimakon dalar Ostareliya 25,000, amma jama'ar duniya suka aiko da fiye da miliyan 7. Da kuɗin aka kafa wuraren shan ruwa cikin daji, aka kuma soma shirin kiwon kowala don a sake su su hayayyafa.

Duk da haka, cikin Fabrairun 2022 gwamnatin ƙasar ta sa kowalar gabashin ƙasar cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Likita dai yana iya warkar da ƙuna, amma in an sare itatuwan, wadda ta warke ba ta da gidan komawa.