Daga Maraici Zuwa Filin Arfa: Yadda Malcolm X Ya Warke Daga Ciwon Gida

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma akwai iccen da garin tanƙwarawa ake karya shi, ya tashi a karkace, jama'a su riƙa kushe shi ba tare da sun tambayi wanda ya karya shi ba. Malcolm X, baƙar fatar nan na Amurka wanda duniya ta sani da kaifin harshe, irin wannan icce ne. Mutane da yawa sun ji labarin jawabansa, amma kaɗan ne suka san irin gidan da ya fito, da yadda ya yi ya rabu da ciwon da ya ɗauko daga can.

An haife shi ran 19 ga Mayu, 1925, a Omaha ta Jihar Nebraska, aka raɗa masa suna Malcolm Little. Ubansa, Earl, mai wa'azin Kirista ne, kuma mabiyin Marcus Garvey, mai kiran baƙar fata su san darajar kansu. Uwarsa, Louise, 'yar tsibirin Girenada ce, fara sol, domin mahaifinta Bature ne.

Gidan ba na kwanciyar hankali ba ne. Kamar yadda Malcolm ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa, wanda suka shirya da Alex Haley ya fito a 1965, uban mai saurin hannu ne, yana dukan 'ya'yan har da uwarsu. Shi kaɗai ne uban bai cika taɓawa ba, kuma ya yi zaton don ya fi sauran hasken fata ne. Uwar kuwa shi ta fi tsananta wa, saboda hasken nan yana tuna mata asalin da ba ta son tunawa. Ke nan tun bai san hagu da dama ba aka koya masa cewa da launin fatarsa ake auna shi.

Bango Ya Tsage

A 1929 gidansu na Lansing, Jihar Michigan, ya ƙone ƙurmus. A watan Satumba na 1931 aka sami uban a kan hanyar jirgin da ke yawo cikin gari, jirgi ya bi ta kansa. Hukuma ta ce haɗari ne, Louise kuwa ta tsaya a kan cewa Turawa masu ƙin baƙar fata ne suka kashe shi. Malcolm yana da shekara 6. Kamfanin inshora guda ya ƙi biya, wai mutumin kashe kansa ya yi. Yunwa ta shiga gida, ma'aikatan jin daɗin jama'a suka yi ta sintiri suna yi wa yara tambayoyi a kan uwarsu. A ƙarshen 1938 hankalin Louise ya taɓu, aka kai ta asibitin masu taɓin hankali na Kalamazoo, aka rarraba 'ya'yanta gidajen riƙo.

Duk da haka yaron ya yi fice a makaranta. Wata rana ya gaya wa malaminsa, wani Bature, cewa lauya yake so ya zama. Malamin ya ce wannan ba aikin baƙar fata ba ne, ya nemi kafinta. Daga ranar karatu ya fita daga ransa.

To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1941 ya koma Boston wurin yayarsa Ella, wadda suke uba ɗaya, daga nan ya zarce unguwar Harlem ta New York, ya faɗa caca da ƙwaya da sata. A lokacin ne ya fara dama soda da ƙwai da dankalin Turawa yana shafa wa kansa, fatar kai tana ƙuna kamar an ɗora garwashi, don dai gashinsa ya miƙe irin na Turawa. Daga baya shi da kansa ya lasafta wannan a matsayin babban matakin farko na wulakanta kai. A 1946 aka yanke masa ɗaurin shekara 8 zuwa 10 saboda fasa gidaje.

Gwiwar Da Ta Ƙi Durƙusawa

A kurkuku fursunoni suka laƙaba masa suna Shaiɗan, saboda yadda yake zagin addini. Sai wasiƙun 'yan'uwansa suka fara zuwa, suna ba shi labarin ƙungiyar Nation of Islam ta Elijah Muhammad. Ƙanensa Reginald ya ce masa ya bar naman alade da taba, ya bari. Da aka zo ga addu'a, sai da ya yi mako guda yana kokawa da zuciyarsa kafin gwiwarsa ta yarda ta taɓa ƙasa, domin wanda ya saba ganin kansa ba a bakin kome yake ba, kunyar tsayawa gaban Mahalicci yake ji. Ya ɗauki ƙamus ya kwafe shi da hannu, shafi bayan shafi, ya kuma bar ƙona gashinsa.

Da aka sake shi a 1952 ya yar da sunan Little, wanda ya ce na masu bayi ne, ya ɗauki harafin X a madadin sunan kakanninsa na Afirka da ya ɓace. Ƙungiyar ta ba shi mutunci da tarbiyya, amma koyarwarta ta saɓa wa Musulunci na gaskiya, har tana cewa Turawa duka shaiɗanu ne. Ya daina ƙin kansa, amma ƙiyayyar ba ta mutu ba, gida kawai ta sauya.

Saura kuma ciwo guda da ya binne. Haley ya ba da labarin cewa Malcolm ya daɗe yana kauce wa zancen rayuwarsa, sai wani dare da ya tambaye shi game da uwarsa. Nan ya riƙa kai da kawowa cikin ɗaki yana magana har kusan asuba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A 1963 shi da 'yan'uwansa suka fito da tsohuwar daga asibiti bayan shekara 24, ya zauna ya ci abinci tare da ita.

A watan Maris na 1964 ya bar ƙungiyar, a Afrilu ya tafi aikin Hajji da kuɗin da Ella ta ranta masa. A Makka da Arfa ya ci a akushi ɗaya, ya yi salla sahu ɗaya da Musulmi farare da baƙaƙe, ya ga cewa a nan ba a auna kowa da fata. Ya dawo da suna Alhaji Malik El-Shabazz. A watan Mayu ya biyo ta Nijeriya, inda ɗalibai Musulmi a Jami'ar Ibadan suka raɗa masa sunan Yarbanci, Omowale, wato ɗa ya dawo gida.

Ran 21 ga Fabrairu, 1965, aka harbe shi a New York yana da shekara 39. Allah Ya jiƙansa.

A Hausa, idan aka ce mutum yana da son kai, zagi ne. Abin da Malcolm ya koya daban yake, wato mutum ya yarda cewa Allah bai yi kuskure wajen halittarsa ba, ko da kuwa gidan da ya tashi ya gaya masa akasin haka. Ba ya iya mayar da ubansa, ba ya iya rama wa uwarsa shekarunta 24. Abin da ya iya shi ne ya daina hukunta kansa a kan laifin da ba shi ya yi ba. Iyaye da masu riƙon marayu kuwa su tuna: kalma guda ta malami ce ta raba yaron nan da makaranta, wasiƙun 'yan'uwa kuma suka komo da shi hanya.