Manomin Rani, Ina Littafin Lissafinka?

Duk wanda ya bi ta Kwanar Gafan a watan Maris ya san yadda hankalin manomin rani yake rabuwa. Tumatir ya nuna gaba ɗaya, kwanduna sun yi layi a bakin titi, farashi ya faɗi, ga alkama tana jiran yanka. To, a ƙarshen wannan watan ne, ranar 31 ga Maris, wa'adin da doka ta bai wa kowane mai samun kuɗin shiga yake cika, na ya bayyana wa hukumar haraji ta jiharsa abin da ya samu a shekarar da ta wuce.

Haraji ba baƙo ba ne a ƙasar Kura. Kakanninmu marina sun biya kuɗin karofi, iyayenmu sun biya haraji da jangali har zuwa lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke su bayan hawansa mulki a 1979. Wancan harajin kuɗin kai ne, ana ɗora shi ko an samu ko ba a samu ba. Na yanzu kuwa a kan riba yake, kuma ƙa'idojinsa sun canza.

Ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda suka shafi harajin kuɗin shiga suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. A sabon tsari, naira 800,000 ta farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kanta. Abin da ya haura haka zuwa miliyan 3, kashi 15 cikin ɗari ne. Daga nan zuwa miliyan 12 kashi 18, yana ƙaruwa mataki-mataki har ya tsaya a kashi 25 ga abin da ya wuce miliyan 50.

An kuma soke tsohon rangwamen da ake cire wa kowa kai tsaye, wato naira 200,000 haɗe da kashi 20 na kuɗin shiga. A madadinsa an kawo rangwamen haya: ana cire kashi 20 na kuɗin hayar gidan da mutum ya biya a shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba. Malamin makarantar da yake haya a Kura kan naira 300,000, za a zare masa 60,000 daga abin da za a yi wa lissafi. Abokin aikinsa da yake zaune a gidan gado a Bunkure ba shi da wannan rabon. Kuɗin fansho, da na inshorar lafiya, da na asusun gidaje na ƙasa, duk suna nan cikin abin da ake cirewa. Sai dai rangwamen haya sai an nema, kuma da rasit a hannu.

Ma'aikaci dai ana yanke masa nasa tun daga albashi. Mai jan aiki shi ne manomi, da dillali, da mai injin casar shinkafa. Mu ɗauka wani manomi a Kadawa ya sayar da shinkafar miliyan 5 a shekara. Hayar gona, iri, taki, maganin feshi, kuɗin ruwa, 'yan dashe, masu yanka da bugu, da motar ɗauko kaya sun cinye miliyan 3 da 200,000. Ribarsa miliyan 1 da 800,000 ke nan. A cire 800,000 da doka ta yafe, saura miliyan 1, harajinta naira 150,000. Amma da za a ɗauki miliyan 5 ɗin nan a matsayin riba, lissafin zai kai naira 690,000. Tazarar da ke tsakanin waɗannan kuɗaɗe biyu, littafi ɗaya ne na 'yan makaranta da biro. Doka ta bai wa hukuma damar ta yi wa wanda ba shi da lissafi ƙiyasi, kuma mai ƙiyasi bai ga shekarar da tsutsa ta cinye tumatir ba, bai ga buhunan takin da aka ciwo bashi ba.

Saboda haka, Malam, rubuta komai ranar da ya faru. Ka sallami mata goma masu dashe, rubuta. Ka sayi taki, karɓi rasit ka adana. Kuɗin ruwan da kake biya don ruwan Tiga da ke bin magudanan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ba haraji ba ne, kuɗin aikin noma ne, shi ma ya shiga littafi. Idan karatun boko ya gagara, ajami ya isa ya riƙe maka lissafi, ko yaro ya rubuta maka da daddare.

Ana ta jita-jitar cewa za a riƙa yankar haraji daga duk kuɗin da ya shiga asusun banki. Ba haka dokar ta ce ba. Amma dillalin da 'yan kasuwar Legas suke turo wa miliyoyi don ya loda musu tumatir, ya kamata ya iya nuna cewa kuɗin na mutane ne, la'adarsa kaɗai ce tasa. Raba asusun sana'a da na cefane zai sauƙaƙa masa wannan.

Sauran shirin ba wuya. A tanadi lambar shaidar ɗan ƙasa, domin da ita ake haɗa lambar mai biyan haraji. A je ofishin Hukumar Tattara Haraji ta Jihar Kano da kai, a yi tambaya. Kada a miƙa wa kowa kuɗi ba tare da rasit na gwamnati ba.

Manomin da ya san buhu nawa ya tashi da shi har ya fitar da zakka daidai, lissafi ba zai gagare shi ba. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya sauke shi daga ka zuwa takarda, tun daga ranar da aka yi kaftun farko.