Shin Ko Kun San? Ƙafa Ma Tana Kiɗa

Makaɗi hannu biyu gare shi, kuma da kiɗa ya kankama dukansu sun shiga aiki. To wa zai ɗaga sauti, wa zai sauke shi, wa zai kai shi dama ko hagu? Ga kaɗan daga cikin dabarun da makaɗa suka ɓullo da su, daga Daura har Landan.

Shin ko kun san cewa duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah ko na Gani a tsohon garin Daura, inda rijiyar Kusugu da fadar Sarki suke, ya riga ya ji abin da masu sitidiyo ke wahalar kwaikwaya? Amon tambari da algaita yakan taso can nesa ta kunne ɗaya, ya cika kai idan ayari ya iso gabanka, sannan ya ja baya ta ɗaya kunnen. Ƙaruwar sauti da tafiyarsa daga gefe zuwa gefe, su ne abubuwa biyun da fedar ƙafa ke sarrafawa a kayan kiɗa na lantarki.

Shin ko kun san cewa mai kalangu ya daɗe da warware matsalar ƙarancin hannu? Hannu ɗaya na riƙe da makaɗi, ɗayan na dafe da ganga, sai damtse da hammata su matse tsirkiyar. In ya matse, fata ta ɗame, murya ta yi sama. In ya sassauta, ta yi ƙasa. Da haka kalangu ke bin hawa da saukar harshen Hausa har ya kira sunan mutum.

Shin ko kun san cewa fedar ƙara sauti ta girmi wutar lantarki? A shekarar 1712 Abraham Jordan ya haɗa wani ogan mai busa da iska a cocin St Magnus da ke Landan, ya kulle wasu bututunsa cikin akwati mai murfi. Makaɗi ya taka, murfi ya ɗaga, sauti ya fito da ƙarfi. Ya saki, sauti ya shige ciki. Lokacin da ogan ɗin lantarki na Hammond ya shigo kasuwa a 1935, da fedarsa ya zo.

Shin ko kun san cewa taka fedar bai da bambanci da taka keken ɗinki? Faranti ne mai lilo: ka danna da yatsun ƙafa sauti ya hau, ka koma kan diddige ya sauka har ya mutu. A cikinta akwai irin maɓallin nan na murɗawa da ke jikin rediyo, sai dai zare ko haƙoran giya ne ke juya shi. Wasu kuma, irin na kamfanin Morley, da haske suke aiki, saboda haka ba abin da ke gogewa balle ya riƙa ƙarce-ƙarce idan ƙura ta shiga, abin da duk mai kayan sauti ya sani a lokacin hunturu.

Shin ko kun san cewa fedar iri biyu ce, kuma saye ba tambaya yana jawo asara? Ɗaya sautin ne da kansa ke ratsawa ta cikinta kafin ya isa lasifika, ita masu jita suka fi amfani da ita. Ɗayar ba sauti a cikinta ko kaɗan, umarni kawai take aika wa fiyano ko kwamfuta. A ido kamarsu ɗaya, amma ba kowace ke shiga madadin 'yar'uwarta ba.

Shin ko kun san cewa kayan kiɗa na lantarki suna da harshen da suke magana da juna tun 1983? Sunansa MIDI, kuma yana auna motsin ƙafa daga 0 zuwa 127. Umarni mai lamba 7 na ƙarfin sauti ne, mai lamba 10 na kai shi dama ko hagu: 0 ƙurewar hagu, 127 ƙurewar dama, 64 tsakiya. Feda ɗaya na iya yin kowanne, gwargwadon aikin da aka ɗora mata.

Shin ko kun san cewa fim ɗin zane ne ya haifar da maɓallin yawo da sauti? Alan Blumlein na Ingila ya yi rajistar fasahar sauti mai gefe biyu a 1931, amma injiniyoyin Disney ne suka ƙera maɓallin domin fim ɗin Fantasia na 1940. Sirrin kuwa sauƙi gare shi: a rage wa lasifika ɗaya, a ƙara wa ɗaya, sai kunne ya rantse cewa makaɗin ya tashi ya canza wuri.

Shin ko kun san cewa maƙwabtanmu na Nijar sun riga Kano shiga fagen kiɗa da kayan lantarki? Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na ogan ɗin Orla, ƙirar Italiya, a Yamai a 1978, aka yi shekaru ana sa shi tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. Sai a ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya mamaye sitidiyoyin Kano, ya zama ƙashin bayan waƙoƙin finafinan Hausa.

Shin ko kun san cewa duk wannan ado na iya tafiya a banza a gidan biki? Idan an haɗa lasifikoki ta layi ɗaya, ko ana saurare ta waya mai baki ɗaya, dama da hagu sun zama abu guda. Idan kuma gefe ɗaya kawai aka jona, kayan kiɗan da aka tura ɗaya gefen sai ya ɓace ɗungurungum. Shi ya sa gogaggen mai haɗa sauti ke barin muryar mawaƙi da babbar ganga a tsakiya, kuma ba ya sakin waƙa sai ya gwada ta a ƙaramar waya.