Halloween ta koma filin ajiye motoci, baƙon unguwa ne ya yi asara

A Amurka, yammacin 31 ga Oktoba na yara ne. Wani ya yi shigar dodo, wata ta gimbiya, kowa da bokitinsa na roba mai siffar kabewa, su bi gida-gida ana zuba musu alawa. Abin ya yi kama da tashe, sai dai babu ganga babu waƙa, kuma ƙa'idar ɗaya ce: gidan da ya kunna fitilar ƙofa yana maraba, wanda ya kashe a wuce shi. Baƙi daga Ailan da Sikotilan ne suka shigo da bikin a ƙarni na 19, amma bin gidaje bai game ƙasar ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Ga iyalin da suka tare a sabuwar unguwa da ƙananan yara, daren ya fi ƙarfin alawa. Ba'amurke ba ya son a faɗo masa gida ba sanarwa, ana iya shekara da maƙwabci ba a wuce ɗaga hannu daga cikin mota ba. A wannan dare kaɗai uwa za ta ƙwanƙwasa ƙofa ashirin, yaro yana maƙale da ƙafarta, a buɗe da fara'a, a tambaye ta yaushe suka zo, ta gano gidan da ke da sa'an ɗanta.

Wannan damar ce ke raguwa. Tun wajen shekarun 1990 coci-coci suka fara tara jama'a a filin ajiye motoci, kowa ya buɗe but ɗin motarsa ya ƙawata shi, yara su bi layi suna karɓa. Makarantu da shaguna suka ɗauka, yanzu iyaye da yawa can suke nufa.

Babban dalili tsoro ne, kuma tsoron iri biyu ne. Na farko, kada wani mugu ya sa guba a alawa. Ya ƙaru bayan 1982, lokacin da mutum 7 suka mutu a yankin Cikago bayan shan maganin Tylenol da aka sa wa guba. Amma Joel Best, masanin zamantakewa da ya daɗe yana bin diddigin irin waɗannan labarai, bai samu shaidar yaro ko ɗaya da baƙo ya kashe ta wannan hanya ba. Wani yaro da ya mutu a Texas a 1974, uban da ya haife shi ne ya ba shi gubar, don kuɗin inshora. Na biyun kuwa gaskiya ne: mota. Wani bincike a mujallar JAMA Pediatrics ya nuna haɗarin mota ta kashe mai tafiya a ƙafa yana ƙaruwa da kashi 43 cikin ɗari a wannan dare, ga yara 'yan shekara 4 zuwa 8 kuma ya ninka kusan sau goma. Haɗa da unguwannin bayan gari inda gidaje suke nesa da juna, wasu ko gefen tafiyar ƙafa babu, sai ka ga iyayen ba su yi laifi ba.

Amma taron fili na 'yan gida ne. Wanda ya shekara goma a cocin ko makarantar zai tarar da idon sani, baƙo kuwa ya zaga layi cikin minti ashirin, bokitin ɗansa ya cika, ya koma bai san sunan kowa a layinsu ba. Kuma abin yana ciyar da kansa: idan yara suka rage zuwa, tsofaffi su daina sayen alawa su kashe fitila, baɗi waɗanda suka rage su kwashi 'ya'yansu a mota zuwa unguwar masu hali.

A ganina unguwannin da ke neman izinin hukuma a toshe layi na awa biyu ko uku, a hana mota shiga, sun fi gane inda matsalar take. Sun kawar da haɗarin da alƙaluma suka tabbatar, kuma yara sun ci gaba da bin ƙofofi a ƙafa.