Wasiƙun Imel Da Ke Maƙalewa: Asarar Ɓoye Ga Masu Cinikin Citta A Kudancin Kaduna

Mafi yawan cittar da Nijeriya ke sayarwa ƙasashen waje daga Kudancin Jihar Kaduna take fitowa, musamman yankunan Kachia, Jaba da Kagarko, kuma Kafanchan na cikin cibiyoyin hada-hadarta. Bayan cutar da ta yi wa gonaki mummunar ɓarna a 2023, farashi ya yi tashin gwauron zabo. A irin wannan kasuwa, jinkirin kwana guda wajen aika wa mai saye a Indiya ko Dubai takardar farashi ya isa ya raba dillali da ciniki.

Akwai wani jinkiri da ba a cika lissafa shi ba. Ƙaramin kamfani ko ƙungiyar gama kai mai adireshin imel na kanta kan wayi gari wasiƙa na isa ga ma'aikatan cikin gida, amma duk wadda aka aika waje sai ta dawo ɗauke da lamba 550 ko 554. Akan ɗora laifin a kan rashin sabis, alhali sau da yawa matatar na'urar da ke rarraba wasiƙun ce ta hana, domin an tsara ta kada ta fitar da saƙon wanda bai shaida kansa da suna da kalmar sirri ba. Wani lokaci kuma kamfanin intanet ne ya toshe ƙofa mai lamba 25. Sai a koma ta 587, magana ta ƙare.

Kuskure mafi tsada shi ne mai gyara ya cire matatar baki ɗaya don a huta. Na'urar da ke fitar da saƙon kowa, nan da nan 'yan damfara kan gano ta, daga nan adireshinta ya faɗa baƙin jadawali irin na Spamhaus. Wanke suna daga can ya fi gyaran farko wahala, ga kuma tabon 419 da ya daɗe yana sa a yi wa wasiƙun Nijeriya kallon zargi.

Kafanchan ba baƙuwar wannan fanni ba ce. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta samar da intanet maras waya mai suna Zittnet a shekarun 2000, ta kuma horar da matasa aikin kwamfuta. Sai dai ƙa'idoji sun ƙara tsauri. Tun daga watan Fabrairun 2024, Gmail ke neman kowane mai aikawa ya kasance da shaidar SPF ko DKIM, wato bayanin da ke tabbatar da cewa na'urar tana da izinin aika wasiƙa da sunan kamfanin. Rubuta shaidar SPF layi ɗaya ne a rajistar adireshin kamfani, kuma kuɗin aikin bai kai na buhun busasshiyar citta guda ba.