Ciwon Maƙoƙo Mai Fito da Idanu: Yadda Za Ku Zauna da Shi

Maƙoƙo ba iri ɗaya ba ne. Wanda muka fi sani a ƙauyukanmu shi ne na rashin sinadarin aidin a abinci, wanda gishiri mai aidin yake karewa. Akwai kuma wani iri da yake zuwa da rama, da bugun zuciya, wani lokaci har idanu su firfito kamar mutum ya razana. A kan wannan ne za mu yi magana da ku, ko ku ne kuke fama da shi, ko wani naku.

Mene ne wannan ciwo?

A gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka da likitoci suke kira tayirod. Ita ce take zuba wani sinadari cikin jini wanda yake tsara saurin aikin jiki. Wani lokaci garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙi da cuta ne, takan ruɗe ta riƙa zuga tayirod, sai sinadarin ya yi yawa. Mutum ya riƙa ci amma yana ramewa, zuciya tana dukan uku-uku, hannu yana rawa, gumi yana zuba ko da sanyi, barci ya ƙi zuwa.

Wannan ruɗewar takan taɓa kitse da tsokokin da suke bayan ido. Sai su kumbura, kuma da yake ramin ido ƙashi ne, ba wurin buɗawa, dole su turo idon gaba. Idan kun ga likita ya rubuta "Basedow" a katinku, wannan ciwon yake nufi. Sunan wani likitan Jamus ne da ya bayyana shi a 1840. A ƙasashe masu amfani da Ingilishi ana ce masa "Graves". Ya fi kama mata, musamman masu shekara 30 zuwa 50, amma idan ya kama namiji ko dattijo yakan fi tsanani a ido.

Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko kwana ɗaki ɗaya, ko haɗa ido. Ba sammu ba ne, ba maita ba, ba kuma hukuncin wani laifi ba. Ƙara gishiri mai aidin ba ya warkar da shi.

Abin da mai ciwon yake ji

Ido yakan ji kamar an zuba yashi, ya yi ja, hawaye ya riƙa zuba, hasken rana ya dame shi. Da safe fatar ido takan tashi a kumbure. Wasu idonsu ba ya rufuwa duka idan suna barci. Wasu kuma suna ganin abu ɗaya ya zama biyu, har zura zare a allura, da tsince shinkafa, da karatu, da tuƙa babur su gagara.

Amma da yawa daga cikin masu zuwa wurinmu, abin da ya fi yi musu ciwo shi ne canjin fuska. Mace takan daina duba madubi, ta daina zuwa kasuwa da biki da suna, domin yara suna nuna ta, manya suna cewa tana harara. Ga shi kuma yawan sinadarin yakan kawo saurin fushi da fargaba, sai miji ko kishiya su ɗauka halinta ne ya canja. Idan haka kuke ji, ku faɗa mana kamar yadda kuke faɗin ciwon kai. Damuwar zuciya da rashin barci suna cikin abin da ake yi wa magani.

Yaya ciwon yake tafiya?

Ciwon idon yana da lokacin zafi, daga wata 6 zuwa kamar shekara 2, sa'an nan ya lafa. Yawancin mutane nasu mai sauƙi ne. Waɗanda ganinsu yake shiga hatsari ba su wuce 5 cikin 100 ba. Ja da kumburi sukan ragu, amma idon da ya fito ba kullum yake komawa yadda yake a da ba. Bayan ciwon ya lafa, likitan ido yana iya yin aiki domin gyara fatar ido ko gani biyu-biyu.

Magani na asibiti

Da farko za a auna jininku a ga yawan sinadarin. Maganin da aka fi bayarwa shi ne karbimazol, wanda a wasu kwalaye za ku ga an rubuta Neo-Mercazole. Ana shansa kullum, yawanci wata 12 zuwa 18. Kada ku daina don kun ji sauƙi. Ku dawo awon jini a ranar da aka sa muku, gama sinadarin in ya yi yawa, ko ya ragu ainun saboda magani, duka biyu suna ƙara ɓata ido.

Idan kuna shan karbimazol sai zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka kama ku, ku dakatar da shi, ku zo asibiti a ranar domin a duba jini. Mai ciki, ko wadda take shirin ɗaukar ciki, ta faɗa wa likita tun da wuri, domin akan canja mata magani.

Abin da za ku yi a gida

Ku bar taba. A cikin abubuwan da suke tsananta wannan ciwon ido, taba ce kan gaba, kuma tana rage amfanin magani. Idan maigida ne yake sha, ya sha a waje.

Ku nisanci hayaƙin murhu. Ku yi girki a fili, ko wata ta karɓe ku. Lokacin sussuka da shiƙa, da kwanakin hunturu mai ƙura, ku sa baƙin tabarau mai faɗi da malafa.

Ku ɗiga ruwan ido mai jiƙa ido, wanda aka ba ku a asibiti, sau da yawa a rana. Da dare ku shafa man idon da aka rubuta muku. Idan ido ba ya rufuwa, ku zo mu nuna muku yadda ake rufe shi da filasta kafin barci.

Ku ɗaga kai da matashi biyu lokacin kwanciya, kumburin safe zai ragu. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, a ɗora a kan ido a rufe, yana kawo sauƙi.

Idan kuna gani biyu-biyu, ku rufe gilashi ɗaya na tabarau. Kada ku tuƙa babur ko mota a wannan hali.

Kada ku zuba ruwan ganye, ko nonon mace, ko ruwan sukari a ido. Ku ajiye kwalli muddin ido yana ja. Kada ku sayi maganin ɗigawa a tebur ko hannun mai talla, gama wasu suna ɗauke ja da sauri amma su lalata ido daga baya.

Alamun da ba sa jira

Ku taho asibiti a ranar, ko da ranar kasuwa ce ko tsakiyar damina, idan:

gani ya fara dushewa;
launuka sun koɗe, jan abu ya daina yi muku ja sosai;
farin tabo ya fito a baƙin ido;
ido ya ƙi rufuwa sam, ko zafinsa ya tsananta.

Waɗannan suna nuna cewa jijiyar gani ta matsu, ko gaban ido ya fara gyambo. Akwai allura mai ƙarfi da take sauke kumburi, akwai kuma aiki, amma suna ceton gani ne idan an zo da wuri.

Ga iyali da jama'a

Maigida, matarka ba ta raina ka ba, kuma ba hararar ka take yi ba. Ka raka ta asibiti, ka ji bayanin likita da kunnenka, ka tanadi kuɗin magani da na mota tun lokacin girbi, domin jinyar mai tsawo ce.

Shugabannin ikilisiya da zumuntar mata, idan wata ta daina zuwa sujada saboda kunyar idonta, ku je ku gaishe ta, ku zauna kusa da ita idan ta dawo. Ku bar ta da tabarau ɗinta a cikin coci, ku karanta mata idan rubutu yana rabe mata biyu. Maƙwabtanmu Musulmi, haka ma a masallaci da makarantar Islamiyya. Ku kwaɓi yara masu tsokana. Ku yi addu'a tare da mai ciwon, ku kuma tuna mata da shan magani.

Duk ranar da za ku zo, ku taho da katinku da kwalin maganin da kuke sha. Idan kuna da tsohon hotonku na kafin ciwon, ku riƙo shi, zai taimaki likita ya ga yadda idon ya canja. Allah ya ba da lafiya.